Isiyaku da Kwalayen da Suka Fi Wasan Daɗi

Shekara goma sha biyu ke nan da muka raka Isiyaku makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa inda yake ya fi shagonsa na unguwar Hindawiyya a nan Makka sanyi, don shagon nan ko burodi ka ajiye a ciki sai ya sake gasuwa. Abin da ya sa na ɗauko zancensa bana shi ne, watan jiya saura ƙiris ɗan abin da ya rage na aikin hannunsa ya tafi bola. Katan guda ne cike da kwalayen kaset ɗin wasan talabijin da ya zana. Babban ɗansa Faisal ya tashi mayar da iyalin gidan zuwa unguwar Kudai, ya ce katan ɗin ba zai bi su ba.

Bari in fara daga farko, don matasa ba za su gane me ake wa kuka a kan kwali ba.

Ni da Isiyaku a unguwa ɗaya aka haife mu. Kakanninmu sun zo hajji da ƙafa, suka ga komawa da nisa, suka zauna. Shi ya koyi rubuta allunan shaguna, hannunsa kamar an auna da zare. Ni kuwa a aji uku malaminmu ya yi mini kallon da na gane cewa rabuwarmu za ta fi wa kowa alheri. Na yi tallan ruwa, na yi dako, na ƙare da ɗan shago a Jarwal ina sayar wa alhazai tsaraba: carbi, agogo, turare, da duk abin da ke yin ƙara in an danna shi.

Cikin abubuwan masu ƙara har da na'urar wasan da ake jona wa talabijin. Kaset ɗinta na asali da kwalinsu suke zuwa, kuma kwalayen farko ba hoton wasan ake bugawa a kai ba. Masu zanen can ƙasashen waje ke zama da fenti su yi maka jarumi mai ƙirji kamar ƙofar gareji, wuta na ci a bayansa. Ka kai gida ka kunna, sai ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna tsalle kamar ƙuma. Ba wanda ya taɓa kai su ƙara. Na'urar lokacin iya ƙarfinta ke nan, kwalin ne ke gaya wa ido abin da zai gani.

To, ni na asali sun fi ƙarfin aljihuna. Nawa a buhu suke zuwa daga Jidda, tsirara, ba kwali ba suna. Alhaji kuwa ba zai kai wa ɗansa baƙar roba ya ce ga tsarabar Makka ba. Kaya suka yi mini kwantai har na fara kallonsu da harara. Ran nan na ɗebi biyar na nufi Hindawiyya.

"Isiyaku, ka yi musu riga."

"Me ke cikinsu?"

"Zo shago ka gani."

Ya zo sau ɗaya. Walƙiyar talabijin ɗin ta sa masa jiri, ya fita yana dafa bango, ya rantse ba zai ƙara ba. Daga nan muka raba aiki: ni in buga wasan, in zo in ba shi labarin abin da na gani, shi ya zana. Duk wanda ya san ni ya san an yi kuskuren ɗaukar ɗan rahoto. In na ga ɗigo biyu suna dukan juna, kafin in iso Hindawiyya sun zama zaratan 'yan dambe. Shi kuma bai taɓa ganin damben mutanen gabas ba, sai ya zana wanda kakansa ya ba shi labari: hannu ɗaya a naɗe da zare, laya a damtse, ga makaɗi a gefe ya buɗe baki. Wasan tseren motoci ya fito da tasi biyu irin na unguwarmu, direban gaba ya leƙo da kai ta taga yana zagin na baya. Wasan yaƙin sararin sama kuwa, jirgin sai da ya ɗaura masa jarkokin zamzam a sama, wai ba jirgin da zai tashi daga ƙasar nan babu su.

Akwai kuma wata al'adarsa. Wani malami ya taɓa gaya masa cewa zanen mai rai abu ne da ake taka-tsantsan da shi, don haka duk mutumin da ya zana ko dabba, sai ya ja siririn farin layi a wuyansa. Jarumi ne, dodo ne, raƙumi ne, kowa da layinsa. Na ce masa, "Isiyaku, kai ne kaɗai na sani mai yanka abin da ya haifa." Ya ce, "Kai kuma kai kaɗai na sani mai ganin dambe a cikin ƙwai da ƙwarƙwata. Miƙo ruwan ɗorawa."

Zanen na asali yakan ajiye, mu kai a buga mana kwafi, matarsa Hajiya Balaraba ta yanka ta manna da sitaci. Kaya suka tashi. Akwai wani dattijo daga wajen Sakkwato da ya zaɓi uku, ya biya, ya juya zai tafi. Na ce, "Alhaji, na'urar fa? Kana da ita a gida?"

"Wace na'ura?"

"Wadda ake sa kaset ɗin."

Ya buɗe kwali, ya zaro kaset ɗin, ya jujjuya shi, ya miƙo mini. "Riƙe wanga. Mu garinmu ko lantarki babu. Hoton nika so, ɗan damben ga ya yi kama da ƙanen tsohona."

Da na ba Isiyaku labari, mako guda yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Zamani ya juya a hankali. Aka koma faifai, kwalayensu suka zo da hoton da kwamfuta ta yi, sumul, ba tabon burushi. Wasan ya fara kama da kwalinsa, daga baya ma ya fi shi kyau. Yau kuwa jikokina ba su san kwali ba sam. A waya suke sauko da wasa, hotonsa bai fi farcen babban yatsa ba. Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce. Ina jin zai karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya ce, "To, in an nuna musu komai, su me ya rage su gani?" Sannan jiri ya ɗebe shi. An ce mini wai yanzu akwai masu neman tsofaffin kwalaye suna sa su a gilashi kamar zinari. Na asali suke nema. Namu na sitaci ba wanda ya zo tambaya, kuma ban ga laifinsu ba.

Ranar ƙaurar na isa gidan bayan la'asar. Ƙaramar motar kaya na ƙofa, an cika ta har ta durƙusa. Katan ɗin yana gefe tare da karyayyar fanka. Ni ba zan iya ɗauka ba. A gidan 'yata nake zaune, kuma ta kafa mini doka cewa ko ƙusa na sake shigowa da ita, ni da ƙusar za mu kwana waje.

Faisal yanzu magidanci ne, yana aiki a wani otal, Hausarsa rabi Larabci, ko baffa ba ya ce mini sai Ammi. Ya gaishe ni da ladabi, ya sumbaci kaina, amma da na nuna katan ɗin sai fuskarsa ta rufe.

"Ya Ammi, gidan can ɗaki uku ne. Wallahi ba wuri."

"Fankar ma ba wuri, amma ban ga ka harare ta ba."

Sai ya faɗi abin da ban taɓa sani ba. Ashe yana yaro, abokansa sukan saya su je gida su kunna, washegari su tare shi a makaranta: ina 'yan damben? Ina tasin? Har suna suka sa masa, ɗan mai ƙarya. "Abuya mutumin kirki ne," in ji shi, "amma wannan ba abin da zan nuna wa 'ya'yana ba ne. Kalas, ya wuce."

Na rasa bakin magana, abin da bai cika faruwa da ni ba. Hajiya Balaraba ce ta yi gyaran murya daga kan kujerar da ba a ɗauka ba tukuna. Idonta ya yi rauni sosai yanzu, amma kunnen yana nan.

"Mamman, kai da surutu kamar rediyon mai shayi, yau an ɗaure ka?"

"Hajiya, ina tattara hujja ne."

"Tattara a hankali. Faisal, na'urar tana ƙasan katan ɗin. Shekara da shekaru ina manna kwalayen nan, ban taɓa sanin me ke ciki ba. Kafin ka zubar, kunna mini ɗaya."

"Ummi, direba na jira."

"A ba shi shayi."

Uwa ta yi magana. Aka sauko da tsohuwar talabijin daga mota, aka yi ta fama da waya, na zaɓi kaset ɗaya na hura ƙasansa kamar yadda muke yi a da, har sai da na yi tari. Kwalinsa kuwa na kifa shi a ƙasa. Allah da ikonsa, abu ya kama.

"Ni ba na gani," in ji Hajiya. "Faɗa mini."

"Ba komai, Ummi. Wani ɗigo ne yana tafiya."

"Ɗigo? Ina za shi?"

"Yana... akwai shuɗin layi a gaba. Yana so ya tsallaka."

"Ruwa ke nan. Ya iya iyo?"

"Bai iya ba, in ya faɗa ya mutu."

"Subhanallahi! To ka kula da ɗan mutane."

Faisal ya gyara zama. Ya faɗa ruwa sau biyu, ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga. Direban ya shigo da kofin shayinsa ya tsaya a bayansa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Can sai wani koren abu ya taso daga shuɗin layin, bai fi ƙwayar wake ba.

"Ummi, kada! Kada ne, ya buɗe baki! Yalla, yalla, tsalle! Wallahi saura kaɗan ya cire mini ƙafa!"

"Babba ne?"

"Ƙato! Haƙoransa kamar..."

Sai ya tsaya. Ya dubi ƙwayar waken da ke kan gilashi. Ya dube ni. Ni kuwa na ɗaga kai ina nazarin silin kamar ban taɓa ganin silin ba. Ya miƙa hannu ya juya kwalin da na kifa. Ga kada nan ya cika takarda, baki a wangame, ga wani bawan Allah a sama ya tattare jallabiya yana tsalle, takalminsa ɗaya ya riga ya faɗa ruwa.

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ƙwalla. Hajiya ta ce, "Me ya faru? Ya cinye shi?" Direban ya ce, "Ya cinye shi, Hajiya, yana can yana kallon kwali."

Ba mu bar gidan ba sai da aka kira magariba. Faisal bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba, don ba ni na yi aikin ba. Na dai ga ya naɗe wayar na'urar da kyau, ya rufe katan ɗin, ya tsaya yana duban motar da ba ta da wurin ko allura. Ya sauke wani teburin gilashi da matarsa ke ji da shi, ya ce gobe a dawo a ɗauka. Wannan shari'ar tasu ce, ba ni ciki.

Allunan da Isiyaku ya rubuta duk an sauke su, shagunan ma da yawa babu su. Sunansa ba ya cikin kowane littafi, kuma kwalayen nan sitaci ne da takarda, wata rana za su bi mai su. Abin da na ga ya rage shi ne wanda na gani da idona ran nan: mutum mai furfura a gemu ya dubi ƙwayar wake ya ga kada, ya kuma rantse a kai. Wannan shi Isiyaku ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan mutane, daga Jarwal har ƙauyukan da ba mu san sunansu ba, kuma ɗansa ne ya zo aji a makare.

Allah ya gafarta maka, abokina. Kayanka sun isa Kudai lafiya, a kujerar gaba, a kan cinyar ɗanka. Ni aka cusa a baya tare da katifu.