Zaren Gwaggo Dije

Duk wanda ya tashi a gidanmu na Gafasa ya san Gwaggo Dije ba ta yarda da "lafiya lau" ba. Ka gaishe ta, kafin ka rufe baki ta cafko damtsenka, ta kwanto zare daga haɓar zaninta ta zagaya. Kowane yaro da zarensa da ƙullinsa. In zare ya yi sako-sako to ka rame, ranar uwarka ta shiga uku.

Ni na fi kowa shan awo, don a hannunta na girma. Sunan mahaifiyarta na ci, shi ya sa Uwani take ce mini.

Ranar da hedimasta ya zo da albishir na ci jarrabawar makarantar kwana ta gwamnati, wadda ake ɗibar yaran karkara masu ƙoƙari, Gwaggo tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Makarantar me?"

"Ta kwana, Gwaggo."

"Kwana za a koya mata? Malam, wannan sai an yayyafa mata ruwa take tashi sallar asuba. Ai ta sauke wannan karatun tuntuni."

Bawan Allah ya daure ya karanto kayan da za a tafi da su: bokiti, tsintsiya, fartanya.

"Tsaya nan. Fartanya? Ashe gwamnati 'yan ƙwadago take nema. To ga gonar gyaɗa nan, mu har fura muke bayarwa."

Sai da babana, ƙaninta, ya yi kwana uku yana lallashi sannan ta yarda, amma da sharaɗi. Ta auna damtsena a gaban kowa ta ƙulla. "Ranar ziyara zan zo. In zaren nan ya motsa, ƙafata ƙafarta." Kun dai san ta, maganarta ɗaya ce, ko liman bai taɓa sa ta ta janye ba.

Wallahi na so makarantar nan. Can na fara ganin ɗakin da ba komai cikinsa sai littattafai. Amma tuwon da muke kira gabza da miyarsa tsululu suka zabge ni. Ƙawata Rabi, 'yar Gaya, ta ce in dinga ɗaukar bokiti damtsena zai kumbura. Mako biyu ina yi wa 'yan ɗakinmu ɗiban ruwa, suna ta sa mini albarka, 'yan banza.

Ranar ziyara sai ga Gwaggo a adaidaita, da ƙwaryar fura a cinya. Ko kallona ba ta yi ba, kicin ta nufa. Ta lakaci miya ta ɗanɗana, ta dubi mai girki.

"Baiwar Allah, kukar nan ta shiga tukunyar kuwa, ko ta ƙofa ta yi sallama ta wuce?"

Daga nan ta ja ni gindin darbejiya ta kwanto zare. Ya zagaye damtsena, har da wurin yatsa biyu. Na ga akwatina a ka, na ga hanyar komawa gida, hawaye kawai suka ɓalle mini.

Ta daɗe tana kallona. "Kina son wurin nan, Uwani?"

Na gyaɗa kai.

Sai ta ɓata rai ta harari zaren. "Ina ma na sayi wannan abin?"

"Kasuwar Gaya, Gwaggo."

"Shi ya sa. Zaren Gaya ba shi da amana, miƙewa yake yi."

Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta matse shi daidai hannuna ta sake ƙullawa. "Kin gani? Cif. Zauna ki sha fura."

Ajiyar zuciyar da na yi, ina jin har ofishin shugaba an ji ta. Rabi kuwa, da aka zagi garinsu a gabanta, cewa ta yi, "Gaskiya ne, Gwaggo, haka yake."

Shekara shida Gwaggo tana la'antar masu zaren Gaya, bayin Allah ba su ji ba ba su gani ba. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa yarda na rame ba. A ciwonta na ƙarshe ni nake duba ta a asibiti, tana faɗa wa masu jinya, "Likitar nan da kuke gani, ni na bari ta yi karatun."

Gaskiyarta, ita ta bari. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka makwancinta. Ya Allah, ranar awo Ka sassauta mata, yadda ta sassauta mini.