Koren da Ya Shiga Idon Ɗan'inna Mai Hoto

Shekarar da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, Malam Ɗan'inna ya ɗauko kyamararsa da labulensa mai zanen teku daga Kiyawa, ya kama shago a bakin kasuwa. Ma'aikata suna ta kwararowa, kowa na neman hoton fasfo, shi kuwa Allah ya ba shi ido. Ya san sa'ar da hasken hantsi ke narkewa a goshin mutum kamar man shanu, ya san wanda zai ƙifta tun kafin ya ƙifta. Da wuya ka shiga falo a garin ba ka ga aikinsa a bango ba.

Da zamani ya kawo kwamfuta, ya saya, ya koyi goge ƙuraje da gyara zaman hula a hoto. Sai dai tana da nawa. Kafin hoto ya buɗe, mutum ya sha fura ya ajiye ludayi. Surukinsa Falalu, mijin 'yarsa Hamida, ya je Kano ya sayo masa katin hoto na gwanjo, wato ɗan allon da ake soka wa kwamfuta a ciki don ya riƙa zana abin da ake gani a fuskarta. Ya cire takalmi a ƙofar shago, ya durƙusa ya sa katin, ya fita bai ɗaga kai ba.

Da safe komai tas. Amma da rana ta take, kwanon shago ya ɗau zafi, sai fuskokin mutane su fara yin kore, layuka su riƙa saukowa kamar yayyafi a kan gilashi. Ranar farko Ɗan'inna ya murza ido. Ya kau da kai ya dubi farin bango, sai ya ga wani ja-ja yana yawo a kai. Ya buga hoton a takarda, ya fito lafiya lau. A nan ya yanke hukunci a ransa: in takarda lafiya, to na'ura ma lafiya, ciwon a idonsa yake. Dama an sha gaya masa hasken kwamfuta yana cin ido.

Bai faɗa wa kowa ba, don mai hoto da aka ji idonsa ya taɓu ya gama sana'a. Masu zuwa shago suna ganin kansu kore, amma sun ɗauka haka kwamfuta take nuna mutum kafin a wanke shi. Falalu ma ya gani ranar da ya zo gaisuwa. Daga durƙushe ya tambayi yadda kati yake aiki, dattijon ya ce lafiya ƙalau, ya sa masa albarka. Falalu ya tafi da cewa kara aka yi masa, surukinsa yana rufa masa asirin sayo ruɓaɓɓen kaya. Kunya ta kama shi har ya daina bin ta layin.

Ɗan'inna ya sa kwalli. Ya ɗiga zuma. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya koma ganin koren da girma. Ya hau mota zuwa asibiti a Jahun a ɓoye, likita ya haska idon ya ce ya fi na wasu samari. Ya dawo yana cewa a ransa likitan yaron kirki ne, tausayinsa ya ji. A ƙarshe ya kira Zailani, wani mai hoto da ya daɗe yana kwaɗayin wurin, ya ce zai bar masa shagon, gajiya ce ta tsufa, ya zo ranar Juma'a bayan an sauko ya karɓi makulli.

Ranar Alhamis da azahar Iyatu ta shigo ɗaukar hoton tafiya Makka. 'Yar kawunsa ce, abokiyar wasansa, ita kaɗai ce a duniya ba ta jin nauyinsa. Ta gyara hijabi, ya ɗauke ta, ya sa hoton a kwamfuta yana ƙanƙance ido. Ta leƙo ta bayansa.

"Kai ɗan tsohon nan, me na yi maka ka mayar da ni miyar kuka? Haka zan shiga ƙasar mutane?"

Ya juyo a hankali. "Kina ganin kore?"

"Makauniya ce ni? Ga zane-zane nan kuma a fuskata kamar an yi min tsagar Barebari."

Ya zauna a benci, ya cire tabarau, ya yi ta dariya har hawaye, Iyatu tana cewa dama ta san wata rana kan zai kwance.

Aka aika wa Hamida, ita ta turo mijinta, don ba a kiran suruki kai tsaye kan irin wannan. Falalu ya yi aikin nan gaba ɗaya yana kallon ƙasa. Ya canza wayar da ke zuwa fuskar kwamfutar, kore yana nan. Ya aro wata fuskar daga maƙwabta, ita ma ta yi kore. Da ya buɗe akwatin, sai ga 'yar fankar katin a tsaye cak, ta mutu tun a hannun mai shi na farko. Ya taɓa katin ya janye yatsa da sauri saboda zafi. Ya zare shi, ya mayar da waya tsohon gurbinta. Hoto ya buɗe a hankali kamar dā, Iyatu ta fito baƙa sumul da wushiryarta. Ta ce yanzu kam ta gane kanta, sai dai hancin a ɗan rage.

Ranar Juma'a Zailani ya zo da sabon kwaɗo a aljihu. Ya tarar da Ɗan'inna a ƙofar shago yana goge kyamara da bakin rigarsa.

"Baba, na zo."

"Na hango ka tun daga kwanar masallaci," in ji Ɗan'inna. "Hularka a karkace take. Shiga ka zauna in ɗauke ka, ka je da shi gida. Makulli kam yana wurina."