Wuyan Famfon Tsamaye: Ta'aziyyar Injiniya Labbo Maliki

Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, labari ya iso Tsamaye cewa Allah ya karɓi ran Injiniya Labbo Maliki a Isa, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi ne makoma.

Labbo, ni ba abokinka ba ne, kuma mutuwa ba ta sa in ƙaƙaba wa kaina abotar da ba a yi ba. Shugabancin kwamitin ruwan garinmu ne ya haɗa ni da kai.

Kaɗan ne cikinmu suka fahimci aikinka na Kaduna. Kai ke zana ƙarfe a kwamfuta, sannan na'ura ta riƙa feso garin ƙarfe tana narkar da shi da hasken leza, sahu bisa sahu, har abin ya tashi. Da mahaifiyarka Inna Tasalla ta tambaye ka, ka ce mata kamar ginin rumbu ne, ba a fitar da cikinsa da gaggawa don kada ya rufta. Ta ce ashe abin da kakanka ya iya ka tafi koyo, ka yi ta dariya. Makanikan Sabon Birni kuwa sun san ka da zama kan bencinsu kana zana musu abin da ya gagare su.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fitar da zangarniya ba, rijiyoyi suka ƙafe, gari ya koma kan burtsatse guda. Sai wuyan ƙarfen da ke riƙe injin turo ruwa a jikin bututu ya cinye. An nema a Sakkwato, an nema a Maraɗi, babu irinsa. Masu dabbobi suka fara zancen tashi.

Ka zo ka auna, ka koma Kaduna, ka dawo da sabon wuya. Da safe gari ya taru da jarkoki. Kafin a ɗaura, ka shafa masa wani jan ruwa ka goge, sai siririn layin tsagewa ya fito a kusurwar da kauri ya haɗu da sirantaka.

Na ce, "Injiniya, a sa shi hakanan, ko wata guda ya yi muna."

Ka ce, "Malam, ba ni sa shi. In ya karye ƙasa, injin na hwaɗawa ya toshe ramin, rijiyar duka mun rasa. Laihin zanena na, za ni sake."

Ka mayar da shi jaka ana zaginka. Ka koma ka sassauta kusurwar nan a zane, aikin ya ci makonni. Cikin makonnin gidaje suka tashi zuwa Nijar, har da na ƙanwarka Bilki, kuma yawancin shanun mijinta a hanya suka ƙare. Wuya na biyu shi ke riƙe da injin har yanzu. Gari dai bai daidaita a kanka ba: wasu na cewa ka ceci rijiya, wasu na cewa na farkon ma da ya riƙe. Ban san wa ke da gaskiya ba, kai ma ban taɓa jin ka kare kanka ba.

Tun tashinsu Bilki ba ta sake taka Tsamaye ba, ba ta kuma ɗaukar wayarka. Sai ranar sadakar ukunka ta zo. Matata ta ce da aka miƙa mata ruwan baƙo, ta tambaya na ina ne. Aka ce na burtsatse. Ta daɗe riƙe da kwanon, sannan ta shanye, ta ce a ƙaro.

Allah ya jiƙan ka, Labbo, ya yafe kurakuranka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina yi wa Inna Tasalla, da matarka Safiyatu da 'ya'yanku ta'aziyya. Bilki kuma, Allah ya sanyaya mata zuciya, don nata rashin ya fi namu nauyi.

Malam Jibrilla Wada, Tsamaye