Jinina Yana Ƙarewa, Ana Cewa Ciwon Mata Ne

Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko lafiya, ba lafiya ba, daga gadon asibiti na taso. Yau zan yi magana, kuma raina a ɓace yake.

Mu tagwaye ne, ni da Hussaini, a garin Ƙofa aka haife mu. Muna ƙanana, in zazzaɓi ya kama mu, tare Baba ke ɗora mu a babur zuwa asibitin Kusada.

Da muka girma sai abu ya canza. Hussaini ya yi targaɗe a filin ƙwallo, kafin la'asar an kai shi wajen mai ɗori. Ni kuwa tun da na fara al'ada jini ke zubar mini kamar an buɗe famfo, wani lokaci har ya haɗe da na wata mai zuwa. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Ciwon mata ne, kowa haka ta yi. Kar in ji zancen ga a gaban maza."

Na yi shiru shekara da shekaru. Jiri, haki, ga kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasa. A makaranta ana ce mini raguwa.

Da azumin bana ya zo, jinin bai tsaya ba. Amma a gidanmu budurwa ba ta cin abinci da rana, kada Baba ya gane. Haka na riƙa tashi sahur, ina wuni da yunwa a kan azumin da Allah bai ɗora mini ba.

A bakin murhu na faɗi.

A asibiti a Kankia, kafin a gwada komai, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ja ma'aikaciyar jinya gefe ta ce a fara duba ko ciki ne. Ina jin ta. Wallahi wannan ya fi allurar ciwo.

Likita ta duba idona da tafin hannuna, ta ga sakamakon gwaji, ta ce, "Yarinyar nan da wane jini take tafiya?"

Na ji tsoron mutuwa. Baba ya sayar da ragonsa, Hussaini ya ba da jininsa, aka yi ta ƙarin ruwa da magunguna. Baba yana hawaye ya ce wa Inna, "Mi ya hana ku faɗa mani?" Ta ce, "Malam, da wane baki?"

Alhamdulillahi, yanzu ina tafiya ba haki. Na gode wa likitata, da Hussaini, da duk wanda ya yi mini addu'a.

'Yan mata, in jini ya yi yawa ko ya ƙi tsayawa, ku je a gwada ku. Iyaye maza, ku tambayi 'ya'yanku mata, ba za su fara faɗa ba.

A gadon da ke kusa da nawa an kwantar da wata yarinya daga Sukuntuni, sa'ata, ciwonmu ɗaya. Ita ba a kawo ta da wuri ba. Da na ji ana yabonta wai har ta rasu ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai da na juya fuskata bango.