Na Sa Sunanshi Cikin Matattu

Jiya na durƙusa gaban Baba Lawal a garin Ƙofa, tsohon soja mai ƙafa ɗaya. A sabuwar waƙar da na yi wa sojojinmu na jero sunanshi cikin waɗanda suka rasu. Wallahi haka aka gaya mani.

Na ce, "Baba, ka yafe mani, zan cire."

Ya riƙe hannuna. "A'a ɗana, bar shi. Tun da na dawo ba wanda ya tuna da ni. Yanzu kuwa har a tashar Kankiya addu'a ake yi mani."

Na daɗe ina yi wa ƙasar nan waƙa, amma ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Jama'a, in cire ko in bar mashi?