Ana Yabonta a Sama, Tana Gindin Matakala

An bar Mai Shari'a a gindin matakala ranar da aka ce ana karrama ta. Kotu ta shirya mata zaman bankwana a zauren da ke can saman bene, lif, na'urar hawa benen, ya mutu tun bara, ita kuwa tun da ɓarin jikinta ya shanye a keke ake tura ta. Gini cike da masu digiri, amma an rasa mai hankalin da zai haɗa wannan da wancan.

Ƙanwarta, wadda ke jinyarta, ita ta turo keken. Tun da sassafe ta goge mata baƙar rigar aiki, ta gyara mata farin ƙyallen wuya. Sun daɗe suna bitar jawabin da za ta yi, kalma bayan kalma, don harshen ya yi nauyi. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce maganar guduwa take yi, abin da za ta faɗa ta faɗe shi yanzu.

Ƙanwar ta san inda taurin kan yayarta ya samo asali. Babansu kafinta ne, aka yi ta ja masa shari'ar shagonsa, yau a ɗage, gobe a ɗage, har ya koma ga Allah ba a yanke ba. Yayar ce ke raka shi tana 'yar makaranta, ta zauna a benci tana cizon leɓe. Da ta gama karatun lauya ta fara daga ƙaramar kotu mai rufin kwano, ta yi ta hawa har babbar kotu, lauyoyi suka sa mata suna Ba-Ɗagi. Lauya ya aiko cewa motarsa ta lalace, sai ta tura direbanta ya ɗauko shi. Wani ya zo dafe da kumatu wai haƙori, ta ce ya rubuta, magatakarda ya karanta masa. In tsoho ya zo ba da shaida ya kasa hawa, ita ke tattara rigarta ta sauko, a yi zama a ɗakin ajiyar fayil cikin warin tsofaffin takardu. Dangi ma ba su tsira ba. Kawunsu ya mutu yana fushi da ita, don ta ƙi sa baki a shari'ar ɗansa.

Irin wannan mata aka ajiye kusa da bokitin mai shara.

Can sai ga magatakarda ya sauko yana share gumi.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Ga masu gadi nan, su ciccibe ki da keken."

"Su ciccibi wa?" in ji ƙanwar. "Buhun siminti ka gani? Matakalar da mai lafiya ma sai ya karkace? In ta suɓuce musu kai za ka haifo mini wata?"

Mai Shari'a ta ɗaga hannunta mai lafiya. Da ƙyar kalmar ta fito: "Ku sauko."

"Ai ranki ya daɗe, an riga an jera kujeru, manyan baƙi sun zazzauna."

"Da ƙusa aka kafe su?" ƙanwar ta tambaya. Ya juya ya haye abinsa.

Haka suka zauna, lasifika na kwararo musu yabo daga sama. Wani babban lauya yana ta rantsuwa cewa uwa ce gare su, ana tafi.

"Yaya, kin ji, wai ke uwarsu ce. Allah ya raba mu da irin wannan haihuwa."

Mai Shari'a ta yi dariya da rabin baki, amma ƙanwar ta ga yadda take murza gefen rigarta. Da aka tashi, aka aiko musu da allon yabo a cikin leda, da saƙon cewa za a sake sa rana.

Har yau ba a sa ba. Kullum da hantsi Mai Shari'a tana fuskantar madubi tana bitar jawabin, kuma ƙanwar na jin kalmomin da ke nan jiya yau sun ɓace.

To, shugaban kotu da muƙarrabansa, ku ji da kyau. Ba ta son wani allo, ba ta son ku zo dubiya. Ku sa rana cikin wannan watan, ku ɗauko kujerunku da kanku ku sauko ƙasa, ku rufe baki ku saurare ta tun tana iya magana.