Sawun Malam Dalhatu a cikin toka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, hedimasta ya kira ni ya ce Malam Dalhatu ya rasu. Na ce wane Dalhatun? Sai ka ce muna da biyu.

Shekara tara ajina yana jingine da nasa a 'yar firamarenmu ta Limancin Kona. Shi 'yan aji ɗaya, ni 'yan aji uku. Katako ne kawai a tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, mako biyu ya haɗa yaran ajina da nasa. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Duk wanda ɗansa ya bi ta hannun Malam ya san tafiya duniyar wata. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, ranar Alhamis ta ƙarshen zango. A jera bencina su zama jirgi, a rufe tagogi, kowane yaro ya kifa kwanon abincinsa a ka. Su ƙirga daga goma zuwa ɗaya, sai ihu da buga ƙafa har allona ya riƙa rawa. Ni kuwa in yi ta masifa ta bayan katako.

Can kuma sai tsit.

Ya gaya musu a wata babu iska, saboda haka murya ba ta tafiya, ko ka kira mamarka ba za ta ji ba. Na taɓa shiga da niyyar faɗa. Na tarar da su suna ɗaga ƙafa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, wai jikinsu ya rage nauyi, ido a sama suna kallon duniya da ya yanko daga shuɗiyar leda ya manna a silin. Na tsaya a bakin ƙofa na manta abin da ya kawo ni. Wallahi ni ma sai na ji kamar ƙafata ta bar ƙasa.

Daga ƙarshe sai taka toka. Yana da wani tsohon allo da ya kwantar ya yi wa baki da katako. Zai ɗebo tokar murhun gidansa, ya tankaɗe ta da rariya, ya baje, kowane yaro ya taka da ƙafa ɗaya.

Shekarar farko abin ya so ya zama rigima. Kakar wata yarinya ta zo tun daga Ƙofar Gayan, mayafi a kafaɗa.

"Malam, me za ka yi da sawun jikata? Mu fa mun san abin da ake yi da sawun mutum."

Ya ba ta kujera. Ya ce, "Hajiya, a can wata ba iska, ba ruwan sama. In mutum ya taka ƙasa, sawunsa yana nan har bayan jikokin jikokinsa. So nake su gani da idonsu."

Ta daɗe tana kallon tokar. "Ko shara ba a yi?"

"Ba mai yi, Hajiya."

Sai ta cire silifas ta taka. "To a ajiye nawa ma."

Alhamis da ta wuce muka rabu a bakin titi muna jiran Keke Napep. La'asar ce, amma wata ya riga ya fito, fari sol kamar an manta da shi a sama. Ya nuna shi da biro ya ce, "Tafiyar kwana uku ce fa kawai zuwa can, Malama Hauwa." Sannan ya dafa ƙirjinsa. "In jikin nan bai bar ni na zo ba mako mai zuwa, ki tashi jirgin nan. Yara sun gama shiri."

Na ce, "Ni da ko lilo na hau sai juwa? Allah ya ba ka lafiya ka ja kayanka."

Ya yi dariya ya ce in dai yi tunani.

Ban yi tunanin ba. Wannan ne yake cin raina tun safe.

Da muka dawo daga gidan gaisuwa na ji ajinsa shiru, irin shirun nan da na sani. Na shiga. Wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, an fasa tafiyar?"

Na wuce ɗan sito da ke bayan ajin don kada su ga hawayena.

Allon yana nan a ƙasa. Ya riga ya tankaɗe tokar bana, ya baje ta sumul. A tsakiya akwai sawu guda ɗaya, babba, har da fason dunduniya. Ashe ya gwada ta kafin ya tafi.

Na ja ƙofar a hankali don kada iska ta shiga. Na koma na ce wa yarinyar jibi ta zo da kwanonta.

Allah ya jiƙan Malam Dalhatu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, jibi zan ƙirga daga goma, ban sani ba ko muryata za ta kai ɗaya.